Gidan da Baƙo Ya Shiga

Shekara goma sha tara Malam Ɗahiru ya yi yana tsaron shingen ɓatattun dabbobi da ke bakin garin Haɗeja, ta hanyar fadama. Akuya ta shiga shinkafar wani, a kamo ta a kai masa. Tunkiya ta bi garken da ba nata ba, a kai masa. Shi kuma ya ɗaure, ya ba da abinci, ya sa a yi cigiya, har mai ita ya zo ya faɗi alamarta ya ja abarsa. Da can aikin yana da daraja, har hula mai tambari aka ba shi.

Sai aka fara rage kasafin ofishinsu. Da farko aka yanke kuɗin magani, aka ce dabba ai Allah ke tsare ta. Aka zo aka yanke na harawa, aka ce ai ga ciyawa nan kyauta. Famfo ya lalace, aka ce ga kogi. Wata takwas kenan ko buhun dusa ɗaya bai shigo shingen ba. Jama'a kuwa da suka gane, sai suka daina kawo masa dabba, kowa ya ɗaure ta a gidansa. Aka bar Malam Ɗahiru da turaku goma sha biyu da jaki ɗaya.

Jakin nan shekara uku ke nan da aka tsinto shi bayan wata ambaliya, yana tsaye a kan tudu da tsagaggen kunne. An yi cigiya har Kaugama da Birniwa, ba wanda ya zo. Malam Ɗahiru ya sa masa suna Baƙo, don a zatonsa kwana biyu zai yi. Yanzu kuwa in ka ga yadda yake sosa masa wuya yana ba shi labarin duniya, sai ka rantse tare suka yi makarantar allo. Yana son jakin nan, so na gaske, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa ba.

Da aka yanke abinci, sai ya ƙirƙiro dabara. Kullum da azahar ya kwance Baƙo ya nuna masa hanyar fadama, shi kuma ya tafi masallaci, ya dawo ya ɗan kishingiɗa a ƙarƙashin darbejiya. Kafin la'asar jaki ya dawo da kansa, ciki ya yi tim. Malam Ɗahiru ya dinga yawo a majalisa yana yabon ciyawar fadamar Haɗeja, yana cewa duk ƙasar nan babu irinta, a dubi Baƙo kawai.

Mutum ɗaya ce ba ta sauraron wannan yabo, matarsa Gumsu, wadda ke turara shinkafa a gida tana sayarwa. Ita bakinta ba ya ajiye magana.

"Malam, wai kai da jakin nan wa ke tsaron wani?" in ji ta. "Mutane suna komawa gona, kai kana can kana yi wa jaki hira. In ka shigo min gida da warinsa, wallahi a zaure za ka ci tuwo."

Ran wata Litinin sai ga shugabansa, Oga Haris, a kan babur, da takarda a aljihu. Haris ba mugu ba ne, mutum ne dai da ya yi imani da takarda fiye da idonsa. Ya tsaya ya karanta wa Malam Ɗahiru da jakin, su biyun: an rufe shinge daga ranar Alhamis. Malam Ɗahiru zai koma gadin sito. Duk dabbar da mai ita bai bayyana ba, a yi gwanjonta.

"Oga, to ni zan saya."

"Ma'aikaci ba ya saye, ba ya karɓa. Ga shi nan a layi na huɗu."

Malam Ɗahiru ya dafa wuyan jakin. Kowa a garin ya san masu sayen tsohon jaki a wannan zamani. Ba don kaya suke saye ba. A mota ake loda su a yi kudu da su, fatar ake so. Kwana uku Malam Ɗahiru bai ci abincin kirki ba. Gumsu ta ajiye masa tuwo, ya ɗan taɓa ya ture. Ta dube shi, ta dubi kwanon, ta ɗauke ba ta ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka ɗaura musu aure.

Ranar Alhamis da hantsi jama'a suka taru a bakin shinge. Aka kawo wa Mai Unguwa Abubakar kujera, don ba a raba dabba da shinge sai da shaidarsa. Haris yana shirin buɗe gwanjo, sai wani dillalin dabbobi da ake kira Tasi'u ya kutso yana salati, ya rungume wuyan jakin.

"Allahu Akbar! Jakina! Shekara uku ina nemanka!"

Tasi'u ya lissafa cewa in ya zama mai jaki, ba sai ya yi takara da kowa a gwanjo ba. Motar kudu kuwa tana tasha tana jira.

"Faɗi alamarsa," in ji Mai Unguwa.

"Kunnen hagu a tsage, ranka ya daɗe. Da tabo a cinyar dama."

"Ranka ya daɗe," Malam Ɗahiru ya ce, "shekara uku Tasi'u yana wucewa ta nan kullum zuwa kasuwar dabbobi. Ko makaho ya san kunnen nan!"

"A gabana aka haife shi," in ji Tasi'u, har da share ido. Baƙo ya juya ya kama gefen rigarsa ya fara tauna.

Haris ya duba takarda sama da ƙasa, bai ga layin da ya yi maganar haka ba. Mai Unguwa ya gyara zama. Ya ce tun zamanin kakanninsu, in aka yi gardama a kan jaki, ba a rantsar da kowa. Kwance shi ake yi, a bi shi a baya. Jaki ba ya manta gidan da ya ci abinci. Gidan da ya shiga, nan ne gidansu.

Tasi'u ya yarda da sauri, don ya cika aljihunsa da ƙuli-ƙuli. Malam Ɗahiru kuwa zuciyarsa ta karye. Ya san inda Baƙo zai nufa: fadama. Fadama kuma ba gidan kowa ba ce, sai a dawo kan gwanjo. Da hannunsa ya kwance igiyar, ya kasa duban jakin.

Baƙo ya fita, ya kama hanyar fadama, jama'a na biye, Mai Unguwa a cikin adaidaita, Tasi'u a gaba yana tafiya da baya yana kaɗa ƙuli-ƙuli. Jaki ya karɓi ƙuli-ƙulin ya cinye, ya wuce shi. Da aka kai mararraba, inda ciyawa ke kore shar a hannun dama, ko kallonta bai yi ba. Ya karya hagu, ya shiga lungu, ya bi bayan masallaci, ya tsallake kwata kamar wanda ya saba. Malam Ɗahiru ya fara gane katangun. Ga injin niƙa. Ga ƙofar maƙwabcinsa. Baƙo ya sa kai cikin zauren gidan Malam Ɗahiru, ya wangale baki ya yi kuka.

Daga ciki aka ji muryar Gumsu: "Kai kuma yau da wuri haka? Ko azahar ba a yi ba! Tsaya mana, uban ci!"

Ta fito da tsohuwar tasa cike da dusar shinkafa, ta yi turus. Ga Mai Unguwa, ga Haris, ga rabin unguwa, ga mijinta baki buɗe. Jaki dai bai jira gaisuwa ba, ya tura kai cikin tasar.

Mai Unguwa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Tasi'u, ko nan ne aka haife shi a gabanka?" Aka waiga, ba Tasi'u.

Haris ya ɗaga takarda. "Amma ranka ya daɗe, layi na huɗu. Ma'aikaci ba ya..."

Gumsu ta ja mayafi ta gyara. "Sannu da zuwa, Oga. Ni kun taɓa ɗaukata aiki? Wata takwas ina ciyar da jakinku, ko sannu ba ku aiko min ba."

Haris ya sake duba layi na huɗu, ya ga babu matar ma'aikaci a ciki. Ya ciro biro ya rubuta cewa mai jaki ta bayyana, ya hau babur ya tafi.

Da jama'a suka watse, Malam Ɗahiru ya tsaya a zaure yana murza hularsa mai tambari. Kunya ta ishe shi, ga daɗi kuma ya rasa inda zai sa shi.

"Ashe ba ciyawar fadama ba ce," ya ce a hankali.

"Ciyawar fadama! Kana ta yawo kana yabon ciyawa, ni dusata na ƙarewa."

"To ke da kika ce ba kya son ko warinsa?"

"Har yanzu ba na so." Ta ɗauki tasar ta kakkaɓe. "Satin da aka yanke masa abinci ya fara ramewa, kai ma ka daina cin tuwona. Na ga in ban ciyar da shi ba, ba zan iya ciyar da kai ba. Wuce ciki, ga ɗumame can tun safe yana jiranka."