Kwamfuta Mai Nauyin Barci

Tun da aka kwashe ma'aikata aka mayar da su hawa na sama, ɗakin ajiyar fayil ya zama nata ita kaɗai. Uwar Takardu suke ce mata, sunan kuma ya bi ta har sababbin ma'aikata ba su san tana da wani ba. Aikinta shi ne ta ɗauko tsohon fayil, ta kakkaɓe ƙura, ta ɗora takarda a kan sikana, ta adana hoton a kwamfuta. Ɗakin yana can ƙarshen baranda, bayan inda ake jingine tsintsiyoyi. Babu mai saukowa, don duk abin da ta adana yana isa gare su a sama ba sai sun ga fuskarta ba.

A gida ma ba ta canza zane ba. Mai gidan ya rasu, 'ya'yanta mata suna gidajensu a nesa, autan kuwa sai ya ga dama yake ɗaga waya. Wata rana takan kai la'asar ba ta ji muryar kanta ba.

Kwamfutar kuma ga nata halin. In aka bar ta ba a taɓa ba sai ta yi barci, allon ya yi baƙi. To barcin ba laifi ba ne, tashin ne masifa. Allon zai kawo haske kamar abin kirki, amma 'yar kibiyar nan ta ƙame wuri ɗaya. A girgiza maus, a daddanna kibod, ko gezau. Sai ta ɗaga wayar ofis ta kira mai gyara.

Injiniya, kamar yadda kowa ke kiransa, magidanci ne mai saurin tafiya da saurin baki. Yana shigowa zai ja kujerar da ƙafarta ke rawa.

"Mama, yau ma ta ƙi tashi?"

"Ta ƙi, ɗana. Ko mijina bai kai ta nauyin barci ba."

Sai ya danne maɓallin wuta har ta mutu, ya sake kunnawa. Tsohuwar na'ura ce, kafin ta gama shiryawa ruwan shayi ya tafasa. A wannan ɗan zaman yake ba ta labarin jaririyarsa mai fitar da haƙori, wadda ta hana gidan runtsawa.

"Mu yi musanya mana, Mama," in ji shi. "Ki ba ni mai barcin, in kawo miki mai kukan."

Ta yi dariya har da share ƙwalla. Ta koya masa yadda zai kwantar da yarinyar a ƙirjinsa yana ɗan bubbuga bayanta. Washegari ya kawo mata rahoto. Har kofi na biyu ta saya ta ajiye a durowa, ko da yake ba ta taɓa gaya wa kanta dalili ba.

Shi kuwa bai huta da neman ciwon ba. Ya canza maus. Ya zare igiyar sikana ya gwada ba ita. Ya sabunta manhajar allo, ya busa ƙurar da ta toshe fanka. Kullum yana fita yana cewa wannan karon an gama, kullum kwamfutar tana ba shi kunya, Uwar Takardu kuma tana taya shi jimami da baki kawai.

Ran nan ya shigo bakinsa har kunne.

"Mama, na kama ɓarawon!"

Ya buɗe wani shafi, daga shi ya shiga wani, ya nuna mata wani ɗan akwati mai alama a ciki. Ya ce wannan ne ke ba kwamfutar izinin yanke wa maus da kibod wuta in ta yi barci, in ta farka kuma sai ta manta ta mayar musu. Ya cire alamar. Ita tana tsaye a bayansa, tana kallo ta saman tabarau.

"Shi ke nan, kin huta da ganina," ya ce, ya kurɓe shayinsa a tsaye.

Gaskiya ya faɗa. Kwamfutar ta zama mai ladabi. Ana taɓa maus take farkawa, kamar mai jiran a kira ta. Uwar Takardu ta gwada barinta tun safe har bayan hutun rana, ta dawo ta taɓa da ɗan yatsa, sai ga kibiya tana yawo lafiya lau. Ba ta taɓa jin haushin abu don ya gyaru ba sai wannan karon. Kwanaki suka yi ta wucewa, kujerar mai rawa tana jingine da bango. Ko haƙorin ya fito? Ko yarinyar ta fara barci? Ba wanda za ta tambaya. Kewa ta ishe ta.

Matar da ta ƙare rayuwarta tana tuna inda kowace takarda take ba za ta manta hanyar ɗan akwati ɗaya ba. Wata safiya ta rufe ƙofa, duk da ba mai zuwa, ta bi shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da alamar. Ta koma kan fayil ta bar kwamfutar ta yi barci. Da ta taɓa maus, kibiya ta ƙame.

Ta jona butar shayi, ta fito da kofi biyu, sannan ta ɗaga waya.

"Ɗana, ciwon ya dawo."

"Ikon Allah! To Mama, danne maɓallin wuta har ta mutu, ki sake kunnawa. Kina iyawa ai."

Ta yi yadda ya ce. Ta goge kujerar, ta zauna tana sauraron takunsa a matakala.

Ba taku ta ji ba, kibiya ta gani tana tafiya da kanta. Hannunta yana kan cinyarta, amma shafuka suna buɗewa a guje. Kibiyar ta nufi ɗan akwatin ta cire alamar, ta shiga wani wurin da ba ta sani ba, ta danna wani abu. Wayar ta yi ƙara.

"Kin ga sabon tsarin da aka sa mana? Daga kujerata nake shiga kowace kwamfuta, ba sai na sauko na dame ki ba. Ban san yadda aka yi alamar ta dawo ba, amma na yi maganin abin daga tushe. Na hana ta barcin gaba ɗaya."

"Sannu da ƙoƙari," ta ce. "Ya 'yar..."

"Mama, ana kirana a ɗayan layin. Sai anjima."

Ta ajiye wayar a hankali. Butar ta riga ta tafasa ta kashe kanta. Uwar Takardu ta zauna ba ta taɓa komai ba, tana jiran allon ya yi baƙi kamar yadda ya saba. Inuwar taga ta matsa daga kan tebur zuwa bango, allon yana nan tar, yana kallonta. Ta tashi ta zuba shayi a kofi ɗaya, ta mayar da ɗayan cikin durowa.