Ke Kaɗai Ce a Ɗakin?

Da aka kawo wa makarantar kwamfuta don ɗalibai masu nakasa su riƙa ganawa da mai ba da shawara daga nesa, Hedimasta ya ajiye ta a ofishin malamai, domin can ne kaɗai soket ke aiki. Ya liƙa takarda a ƙofa, ƊAKIN SIRRI, aka ɗauke shi hoto sau huɗu.

Wadda aka fara kira wata makauniya ce 'yar aji biyar, da ta daina magana a aji. Malamai uku na zaune suna gyaran takardun jarrabawa. Hedimasta bai ga dalilin tashinsu ba, yarinyar ai ba ganinsu za ta yi ba. Shi ma yana so ya ji ko za a kai ƙararsa. Ya saita kwamfutar yadda ba za ta nuna kowa ba sai yarinyar, ya ɗora yatsa a baki, ya bugo ƙofa kamar ya fita, ya laɓe a ciki.

Matar cikin kwamfutar ta gaishe ta, ta ce, "'Yata, ke kaɗai ce a ɗakin?"

Yarinyar ta ɗan karkata kai. "A'a, Anti. Malamin lissafi na bayana yana taunar cingam. Malamar Turanci na dama, ga awarwaronta nan. Akwai mai mura ta wajen taga. Hedimasta kuma na jikin ƙofa, yana ta ƙoƙarin riƙe numfashi."



"Kina so mu dakata?" in ji matar.

"Ai damuwar tawa ke nan, gara su ji. A gabana suke gulmata, kamar wanda ya rasa ido ya rasa kunne. Shekaranjiya suka ce asarar kujera kawai nake yi."

Matar ta ce, "Malam Hedimasta, ina kwana?"

"Lafiya lau," ya amsa, tun kafin ya yi tunani.

Cikin ladabi ta sanar da shi ba za ta ƙara ganin ɗalibi ko ɗaya ba sai an ba su ɗaki mai kulle, kuma abin da ya faru zai shiga rahotonta. Ɗaki mai kulle ɗaya ne tak a makarantar: ofishinsa. Ya sa aka gyara soket ɗin ofishin nasa a ranar.

Tun daga nan, duk Litinin da Laraba, ranakun ganawar, a benci yake wuni a baranda, tambarinsa a aljihu, yana gaya wa duk mai wucewa cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya.