Kififiyar da Ta Suma a Ragar Lefteris

Stamatia na tsaye a goshin jirgin ruwa tana nuna wa baƙi masu yawon buɗe ido bakin wani kogo, sai ta hango jirgin mahaifinta, Lefteris masunci. Tsohon ya rungumo wata ƙatuwar kififiyar teku da ya ciro daga raga, yana jan ta zuwa gefe. Kanta a langaɓe, ko motsi babu.

Stamatia ta san kififiyar da ta daɗe a raga ta sha ruwa, suma take yi. A jefa ta teku a haka, nutsewa za ta yi.

"Baba! Kada ka sake ta!"

Ko waiwaye bai yi ba. Tun da ta kama aiki da masu kare halittun teku ya ce ta koma bayan masu hana masunta cin abinci, gaisuwarta ma da ƙyar yake amsawa. Taurin kan Lefteris kuwa, kaf tsibirin nan ba wanda bai ɗanɗana ba.

Direban jirginta ya matsa kusa, ta daka tsalle ta faɗa jirgin tsohon, ta cafke ƙafar kififiyar.

"Ke! A jirgina za ki koya mini teku? Gidanta zan mayar da ita, yadda kakanki yake yi."

"Ruwa ne a huhunta, Baba. Don girman Allah."

Rabin kififiyar na reto a waje. Can ya ja tsaki, ya dawo da ita ciki.

Suka kwantar da ita rub da ciki, suka tokare bayanta da tsohuwar taya don kai ya yi ƙasa, ta jiƙa buhu ta lulluɓe ta. Jirgin baƙi ya gaji ya tafi. Rana ta take, ƙanƙarar kifi ta narke, tsoho sai mita yake: kasuwa ta watse yana gadin gawa.

Ita kanta ta fara tsoron gawar ce. Kwatsam sai ruwa ya ɓulɓulo ta hanci, kififiya ta ɗaga kai ta ja numfashi, fuuu!

Stamatia ta fashe da kukan murna. Lefteris bai yi murna ba. Ya zauna daɓas a kan raga yana kallon teku.

"Tun ina saurayi nake jefa su a sume," in ji shi. "Har alamar gicciye nake yi musu, wai na cece su. Stamatia, 'yata, duk nutsewa suka yi?"

Ta zo ta zauna kusa da shi a kan ragar.