Taka, Riƙe, Saki

Ranar Talata a-kori-kurar Kafinta ta sumbaci ginshiƙin ƙofar gida, fitilar hagu ta tarwatse. Kafin la'asar labari ya zaga 'ya'yansa biyar a waya, babban ɗan kuma ya yanke hukunci daga kujerar ofis: ƙafar Baba ta gaji. Kafinta ya ce ƙafarsa lafiya lau, birki ne ya yi laushi, in ka taka sai ya nutse kamar tsohuwar katifa. Aka tsaya a kan magana ɗaya: in birkin ne, a gyara ya ci gaba da tuƙinsa, in ƙafar ce, ya ajiye makulli.

Shekara talatin da huɗu motar nan tana hannunsa. Ta ɗauki katako, ta ɗauki gadaje da ƙyamare, ita ta kai marigayiyar matarsa asibiti ranar da za ta haifi Auta. Kujerar direba ta lotsa daidai jikinsa. Bai taɓa kai ta wurin bakanike don birki ba, don a ganinsa wannan abin kunya ne.

Da ya leƙa ƙarƙashi sai ya ga cikin tayar baya ta dama sharkaf da mai. Robar birki ta tsufa tana yoyo, iska ta samu hanya. Daɗi ya kama shi kamar wanda ya ci shari'a. Ya sauya robar da hannunsa, saura fitar da iska, shi kuwa wannan aiki hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Auta ce ta zo ranar Asabar da safe, yanzu malamar makaranta mai 'ya'ya uku. Tun tana shekara tara aikinta ne wannan. A lokacin takan zauna a bakin kujera, ya ɗaura mata guntun katako a kan birki don ƙafarta ta kai, shi yana ƙasa yana ba da umarni, uwarta na faɗa daga taga cewa za a mayar mata da 'ya bakanike.

"Baba, yau kai ne a sama," in ji Auta, tana shimfiɗa kwali a ƙasa. "Bayanka ba zai so simintin nan ba."

"Kin dai tuna yadda ake yi?"

"Ka taka sau uku ka riƙe. In sassauta noti, mai da kumfa su bi tiyo su zuba a kwalba. Sai na ɗaure sannan ka saki. In ka ɗaga kafin in ɗaure, iska ta koma ciki."

"Ashe ba duka bokon ya wanke ba."

Ya hau, ya taka. Muryarta ta taso daga ƙarƙashin mota: taka, riƙe, saki. Kalmominsa ne, a bakinta. Kewar waɗancan safiyoyi ta cika masa ƙirji, har ya ji kamar ƙanshin sabon katako na tasowa daga bayan motar.

Suka zagaye taya huɗu, suka ƙara mai. Birki ya nutse. Suka sake zagayawa. Ya nutse.

A zagaye na uku Kafinta ya daina kallon gilashi, ya kalli ƙafarsa. Auta ta ce riƙe, ya riƙe da iya ƙarfinsa. Sai ya ga gwiwar tana rawa, tafin ƙafar yana ɗagowa kaɗan-kaɗan da kansa, ba tare da ya ba shi izini ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya san abin da take gani a ƙasa: kumfan da ya fita yana juyawa yana komawa cikin tiyo.

Auta ta ɗaure notin. Sannan ta fito, mai a goshinta, ba ta dube shi a ido ba.

"Baba, sifanar nan ta gajiyar da ni. Mu koma yadda muka saba."

Ya saki birkin. Ya sauko, ya kwanta a kan kwalin a hankali. Hannu dai bai manta ba. Ya ce taka, ta taka. Ya ce riƙe, ta riƙe cak. Kumfa ya fita, mai ya biyo tas. Zagaye ɗaya ya isa.

"Ya tsaya kamar dutse," in ji ta daga sama. "Gaskiyarka, akwai iska. Zo ka gwada a titi."

Ta miƙo masa makulli. Bai karɓa ba, ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa, yatsa bayan yatsa. Sannan ya zagaya ta gaban motar, ya wuce fasasshiyar fitilar, ya buɗe ɗayar ƙofar. Kujerar uwar Auta ce, ba ta lotsa ba, sai ya ji ya yi tsayi a kanta.

"Motar ba ta son a matsa mata a giya biyu," ya ce. "Kuma ki faɗa wa yayanki birkin ne."

Auta ta sa makulli, ta share ido da bayan hannu.

"Birkin ne, Baba."