Garin Farar Ƙasa a Aljihun Injiniya

Aikin da Injiniya ya sa a gaba mai kyau ne. Yana dunƙula ƙonanniyar farar ƙasa ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar wake, domin su zuƙe iskar kabon da ke fita cikin hayaƙin masana'antu. In sun ƙoshi sai a gasa su a tanderu su amayar, a mayar da su bakin aiki. Matsalarsu ɗaya, in suka sha wuta da yawa sai su marmashe. Shi kuwa ya riga ya cika baki cewa nasa ba sa marmashewa.

Wanda ya cika wa bakin kuwa surukinsa ne, uban matarsa, manajan wani kamfanin siminti, dattijon da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Dattijon ya tsaya masa, har masu kamfanin suka yarda su zo su gani.

Ranar zuwansu Injiniya ya jawo tiren gwajin ƙarshe, ya tarar kusan rabi ya koma gari. Ga takun baƙi a baranda. Da mai hankali ne, da ya faɗi gaskiya ya nemi lokaci. Shi sai ya share garin da hannu ya zuba a aljihun wando.

"Oga, ƙonanniya ce fa," in ji Dogo, abokin aikinsa. "Ka san halinta, in ta sha danshi ƙona fata take yi."

"Rufa mana baki."

Ya sani sarai. Shi yake koya wa sababbi.

Baƙi suka cika ɗakin, ga tanderu na huci. Injiniya na bayani, gumi na gangara. Garin ya sha gumi, ya fara cin cinyarsa. Ya ɗaga wannan ƙafa, ya sauke, ya ɗaga waccan.

"Injiniya, in fitsari ne je ka dawo," in ji wani baƙo. "Ƙwayoyin ai ba gudu za su yi ba."

Aka yi dariya. Surukin bai yi ba.

"Yaro, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Ya ƙara jimla biyu a kan bayaninsa. Dogo ya kasa daurewa.

"Tuɓe wandon nan, wallahi fatarka za ta tafi!"

A gaban surukinsa ya tuɓe. Garin ya watsu a ƙasa, fari fat. Masu siminti ne, ba wanda ya nemi bayani.

Dattijon ya daɗe yana kallon garin. Sannan ya juya wajen baƙin.

"Ni na kawo ku. Ku yi haƙuri."

Ya cire rigarsa ta sama, ya miƙa wa Injiniya, fuskarsa na kallon bango.

"Suturta jikinka. 'Yata ce za ta yi jinyar ƙunar nan. Kada ka gaya mata ina wurin."