Miyar Ranar Gasa

Tsoho Pyo Dal-su ya kwashe busasshen ganyen teku da ke gidansa kaf, ya kai ɗakin ajiyar maƙwabciyarsu Bok-nam, ya ce ta kulle.

Shekara hamsin yana noman ganyen nan a kan igiyoyi a gaɓar tsibirin. Da shi ya gina gida, da shi ya aurar da 'ya'ya. Amma saura kwana goma jikarsa Ha-rim ta zauna gasar fiziks ta 'yan sakandare a birnin Gwangju, kuma a tsibirin ko yaron goye ya san ba a shan miyar ganyen teku gab da jarrabawa. Miya ce mai yauƙi. Wanda ya sha, santsi zai kwashe shi ya faɗi jarrabawar.

Sai ga shi ranar gasar ta faɗo daidai da ranar haihuwar yarinyar. Ranar haihuwa kuwa ba ta cika sai da wannan miyar.

"Kakan Ha-rim, ka tsufa da rigima," in ji matarsa Sun-rye. "Shekara goma sha bakwai ban taɓa tsallake mata ba."

"Bana ki tsallake."

"Wata guda uwarta ta yi tana shanta bayan haihuwa. Don ita ake sha."

"Ba uwarta ce za ta zauna gasa ba."

Ya sayo alewa mai danƙo ya cika kwano, don amsa ta manne a kan yarinyar.

Ita kuwa Ha-rim ta mai da barandar gidan ɗakin gwaji. Ga katako a jingine tana gangaro da ƙwallayen ƙarfe, ga dalmar fatsarsa ta ɗaure a zare tana lilo. Dal-su a aji huɗu ya bar makaranta, bai san me ake nema a jikin dalmar ba. Amma shi ke riƙe mata agogo, fuska a murtuke, kuma bai yarda kowa ya karɓe shi ba.

"Na danna. Ya isa?"

"Sake, Kaka. Sau ɗaya ba gwaji ba ne."

"Dalmar nan ta kamo kifin da ya fi ki nauyi, ba ta taɓa shan wahala irin ta yau ba."

Ana saura kwana uku, ta ajiye masa takarda a gabansa, an raba ta gida biyu.

"Kwana shida ina amsa tsoffin tambayoyin gasa. Uku na sha miya, uku ban sha ba. Duba makin."

"A ina kika sha?"

"Gidan Inna Bok-nam. Ta ce ganyenka ya fi na kowa a tsibirin nan."

Sun-rye ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ka ba kura ajiyar nama!"

Dal-su ya sunkuya kan takardar. Rubutu yana ba shi wuya, amma lamba ba ta ɓace masa; da jadawalin cikar teku da janyewarsa ya rayu. Ya bi takardar da yatsa. Tamanin da biyu, tamanin da biyar, tamanin da huɗu. Ɗaya gefen ma kusan haka.

"Ka gani? Babu bambanci. Miya ciki take zuwa, Kaka, ba ta hawa kai."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tafi duba igiyoyinsa. Wuni ya yi a ruwa. Bai taɓa janye magana a gidan nan ba. Amma gani ya kori ji, kuma yarinyar ba da baki ta zo masa ba, da aiki ta zo.

Ranar gasa da sassafe ya je ya karɓo ganyensa, ya zaɓi mafi kyau ya jiƙa. Ya soya nama da man riɗi, ya zuba ruwa. Sun-rye ta tsaya a ƙofar kicin.

"Yau kuma! Ashe ka san inda tukunya take?"

"Miƙo gishiri, ki rage surutu."

Ya ɗauko kwanon da hannu biyu ya dire a gaban Ha-rim, wadda ta riga ta sa kayan makaranta, jaka a kafaɗa.

"Sha. Takardarki ta kayar da ni."

Ta yi murmushin wadda ta ci nasara, ta ɗebo. Ganyen ya zame daga cokali, sulluɓ, ya koma kwano. Ta sake ɗebowa. Ya sake zamewa. Ta daɗe tana kallon ganyen. Sannan ta ajiye cokalin a hankali, ta miƙa hannu ta ɗauki alewa biyu ta cusa a baki.

"Ke! Ba ke kika ce babu bambanci ba?"

"Sau shida kawai na gwada, Kaka," ta ce, baki a cike. "Shida ta yi kaɗan."

"Tun asuba nake tsaye a kan tukunyar nan. Ni, Pyo Dal-su!"

"A ajiye mini. In na dawo da yamma har kwano biyu."

Jirgin fito ya busa a tasha. Ta miƙe tana laluben takalmi. Tsohon ya bi ta har baranda da kwanon a hannu, tururi na tashi.

"Cokali ɗaya, 'yar nan. Ɗaya tak."

Ha-rim ta toshe baki da tafin hannu, ta ja da baya.

"Ba zan sha ba."