Wanda Ya Hana Sieni Tafiya

Wata uku na yi ina lallashin Raelene, tsohuwar matata, kafin ta yarda in tafi da 'yarmu Sieni ƙasata Samoa hutun Kirsimeti. Mahaifiyata na kwance a ƙauyenmu, likita ya ce da wuya ta ga bikin Ista. Sieni ta shekara takwas, amma kakar tata ba ta taɓa riƙe hannunta ba, sai dai gani a waya.

Raelene da kanta ta kai mu filin jirgin Brisbane.

"Niko, kada 'yan'uwanka su ɗura mata naman gwangwani har ta kasa shiga kujera," in ji ta.

"An gama, ranki ya daɗe, alƙaliya."

Muka yi dariya tare, abin da rabonmu da shi shekara huɗu.

A wurin duba fasfo aka tsayar da mu. Wata 'yar sanda ta zaunar da Sieni a benci, ta ja ni gefe, ta ce sunan yarinyar na cikin jerin yaran da kotu ta hana a fitar daga ƙasar.

"Ai uwarta ta yarda! Ga sa hannunta nan. In kira miki ita?"

"Ko da ƙafarta ta zo, ba abin da zan iya. Kotun da ta sa ce ke cirewa." Ta sake duba takardar, ta dube ni. "Kai ne fa ka nemi a sa."

Sai na tuna. Lokacin rabuwarmu wani ɗan'uwa a coci ya hure mini kunne, wai Raelene za ta gudu da yarinyar zuwa New Zealand. Ban yarda da maganar ba ko a lokacin. Na garzaya wurin lauya ne kawai don in ƙona mata rai, na ƙona, na manta. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ni kuwa nawa na zurfafa.

Na kira ofishin lauyan. Sun tafi hutu sai tsakiyar Janairu, kwanakin da aka ba ni da Sieni kuwa biyu ga watan suke ƙarewa.

Muna jiran a sauko mana da akwatuna yayata Fetu ta kira daga gida.

"Kun shiga jirgi, sarkin latti? Mama ta sa an yi mata wanka tun safe, ta ce a zaunar da ita inda za ta riƙa ganin hanya."

Na ce zan kira ta, na kashe wayar. Na san ba zan sake samun wata Kirsimetin da uwata ba, kuma ba ni da wanda zan zarga.

"Baba, wane mugu ne ya rubuta sunana?" in ji Sieni, da na gaya mata abin da ya hana mu tafiya.

"Ban sani ba, Sieni."

Ta matso, ta goge mini ido da hannun rigarta.

"To daina kuka mana. Ai ba laifinka ba ne."